Sunanki a Iskar Unguwa

Zuwa ga Zubaida, farin watan da ke fitowa ta bayan katangarmu, ruwan Kusugu a tsakiyar bazara, yayyafin farko a kan gonar gero, sikina mai faɗowa lokacin da 'ya'yan lidona duk suke tsare a gida. Karɓi sallamar wanda kika yi wa bulokin a waya har ya koma ga biro da takarda.

Ya sanyin idona, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da naku, amma tunda Babanku bai ba ni izinin zance ba, lidon waya ya zama zaurenmu. Kin tuna ranar Alhamis bayan la'asar? Ɗanki na ƙarshe yana bakin gida, ina jiyo dariyarki ta saman katanga kamar kukan kurciya da hantsi, sai na ɓace daga wasan. Kika ce na gudu ne don kada ki cinye ni. Ni, Sabiru? Ni da kullum nake kai miki 'ya'yana da gangan ki kashe, don kawai ki turo min hoton nan mai dariya har da hawaye?

Wallahi rautar Yaya Badaru ce ta yanke, wannan farin akwati mai ƙaho biyu da ke raba mana sabis. Yaya ya tafi sayen shanu, ni kuwa na bi gida ɗaki-ɗaki har na same ta cikin adakar ƙarfen Inna Hadijatu, a ƙarƙashin zannuwa. Wai idanunta masu ƙiftawa suna raba mata hankali in tana lazimi. Na fito da ita, na kashe, na kunna. Na rataye ta a reshen darbejiya, ƙahonta na duban gidanku. Na yi mata tofi da duk abin da na haddace a gaban Malam. Sabis ya dawo, amma lido yana tafiya kamar jakin da aka yi wa lodin taki: in na jefa dayis yanzu, sai na sha ruwa na dawo kafin ya faɗi.

Saboda ke, ya inuwar tsamiyata, na shiga cikin rautar nan. Na buga lambobin da ke gindinta a wayata, ta buɗe ƙofa ta nemi kalmar sirri. Na ba ta sunan matar Yaya, ta ƙi. Na ba ta sunan jan bijiminsa, ta ƙi. Wace irin zuciya ce wannan, ta fi taki tauri? Sai na zari tsinken tsintsiya na soka a ɗan ramin bayanta na danne, har idanunta suka mutu suka farfaɗo. Ta manta Yaya, ta manta kowa, ta dawo jaririya, ta ce in raɗa mata suna.

Zubaida, me kike so hannuna ya rubuta? Ba rago, ba wanzami, zuciya ce ta yi huɗuba: ZUBAIDA TA SABIRU CE. Na ɗauka ni kaɗai zan riƙa gani in yi murmushi. Wa ya gaya min sunan yana tsallake katanga kamar hayaƙin girki, ya faɗa wayar duk wanda ke layinmu?

Mati mai shayi ya gani, yanzu in na wuce sai ya ɗaga min kofi ya kira ni ango. Ladan ya gani. Yayanki Mainasara ya gani, ya karanta wa Baba a zaure harafi-harafi, na ji shi da kunnena. Na san kunyar da na ja miki, har an ce ko aike ba kya fita. Wannan kam bai ba ni dariya ba. Yaya Badaru kuma da ya dawo sai ya canza kalmar sirrin shiga cikinta don kada in iya gyarawa, ya bar sunan yadda yake, wai in ɗanɗana irin abin da nake yi wa mutane.

Jiya Kawu Ɗantsoho ya kira ni. Ya ce maganar 'yar mutane ba a barin ta a iska, ko a sauko da ita zaure ko a goge ta. Ya yarda zai je wurin Babanku ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, amma ya rantse ba zai sa babbar rigarsa ba sai ya san ra'ayinki.

To ga ni, ya hasken gidanmu da na maƙwabta. Tsinken tsintsiyar yana aljihuna. In ba kya so, ki aiko Sadiya ƙawarki da kalma ɗaya, in soka shi a ramin nan in goge sunanki daga iskar Daura, Yaya ya yi min duk abin da zai yi. In kuwa kina so, ba sai kin ce komai ba. Ki cire bulokin, ki turo min gayyatar lido. Rauta ta gyaru, tana kan darbejiya, Inna ta yi alkawari ba za ta ƙara yi mata lulluɓi ba. Ki zo ki shigar da ɗanki gida, ni kuma in aika a goge wa Kawu riga.

Naki da sabis, naki ba sabis, naki har ranar da za a cinye ni gaban shaidu,

Sabiru na bayan katanga