Takalmin Kakana a Bisa Gafakarsa

Zuwa ga Shugaban gidan adana kayan tarihi na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni tela ne daga Tsibiri, jikan wani tsohon soja da ake kira Malam Ɗan-Azumi. Kayansa suna cikin ɗakin da kuka keɓe wa yaƙin Faransa da Jamus.

Na farko, godiya. Kakana yana saurayi aka ɗebe shi aka tsallaka teku da shi. Jamusawa suka kama shi, ya dawo da ƙafa ɗaya tana ja, kuma har ya rasu bai cika son zancen ba. Abin da ya bari shi ne takalmin soja, jar hula, da gafakar fata mai ɗauke da ƙaramin Alƙur'aninsa. Suna cikin tsohon akwati gara ta fara leƙa su. Ku kuka goge su, kuka sa a gilashi, kuka rubuta sunansa daidai. Ɗiyata ta je tare da 'yan lakwal ɗinsu, ta dawo tana cika baki, wai kakan babanta yana gidan tarihi. Wallahi na ji daɗi har na rasa abin cewa. Allah ya saka muku.

Na biyu, kukana. Mahaifiyata, Inna Hadiza, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa, kuma ba da son ranta kayan suka bar gida ba. Ni na dame ta, na yi mata alkawarin za a girmama su fiye da yadda muke yi. Bayan Sallar Layya na kawo ta Maraɗi ta gani da idonta. Ta shiga tana murmushi, ta gane hular tun daga nesa. Da ta matso sai fuskarta ta canza. An ɗora takalmin a kan kanta ta sama, an ajiye gafakar a ta ƙasa, daidai ƙarƙashinsa.

Ta juyo ta dube ni, ta ce: “Kai Sani, Jamus ma ba su sa ubana ya aje takalmi bisa Alƙur'ani ba, sai kai?”

Ranka ya daɗe, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ma'aikaciyar da ke wurin ta ba mu haƙuri da ladabi, ta ce an jera su haka ne don baƙi su fi ganin takalmin, kuma mabuɗin ba ya hannunta. Ban ga laifinta ba. Na ma yarda wanda ya jera bai san abin da ke cikin gafakar ba. In ba ka tashi da ita ba, jaka ce kawai. Amma na koma sau biyu, takalmin yana nan yana ta sarautarsa.

Inna ta ce in ba a gyara ba in kwaso mata kayan ubanta. Kuma ku sani, danginmu na Jiratawa suna da bargon wani tsohon sojan da suka yi niyyar kawo muku, yanzu sun tsaya su ga yadda za mu ƙare.

Roƙona kaɗan ne. A ɗaga gafakar sama, a sauko da takalmin ƙasa inda takalmi yake zama. In za a taɓa ta, a samu mai alwala. Ba na son in raba kakana da wurin da ya fara samun mutuncinsa, amma ba zan iya ci gaba da shiga gida uwata tana kawar da kai in na gaishe ta ba.

Allah ya ƙara muku basira, ya ja zamaninku, ya ji ƙan mazan da suka tafi da waɗanda ba su dawo ba.

Wassalam.

Sani Tela, Tsibiri