Taswirar da Aka Haska a Bango

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya maigidan da yara?

Ni lafiya lau, alhamdulillahi. An ƙara min girma, yanzu ni ke ƙulla yarjejeniya tsakanin kamfaninmu da masu sayen jiragen yaƙi marasa matuƙi. Ofishina babba ne, sai dai tagarsa ba ta buɗuwa. Fasfona yana hannun shugabanmu, wai ajiya ce kawai.

Ranar Talata sababbin abokan hulɗarmu suka zo. Bayan na sa hannu, babbansu ya haska taswira a bango ya ce, “Nan za mu fara.” Yaya, na gane kwanar kogin nan. Na gane gadarmu da kasuwar bayanta.

Ya dube ni yana murmushi. “An ce kai ɗan can ne.” Na ce ai na daɗe da barin garin.

Don Allah ki kwashe Inna da yara zuwa gidan Gwaggo a birni kafin ƙarshen wata. In Inna ta ƙi, ki yi mata kuka. Maƙwabta ma, wanda zai ji maganarki ki gaya masa. Kada ki kira ni a waya, ana saurare.

Allah ya tsare min ku, ya yafe min.

Ƙaninki