Injin Casar Baba

Solberg, Dakota ta Arewa
Agusta, 1988

Zuwa ga Yaya Ardis,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da jikoki. Yaya gwiwar taki?

Kin san ni, ba na roƙon kowa. Daga sakandare ban ƙara ko aji ɗaya ba, amma garejin nan da hannuna na gina shi, gidan da nake ciki ni na buga masa kowace ƙusa. Baba ya ba marigayi Yaya Duane gona, ni kuwa ya ba ni hanya, ban ce uffan ba. To yanzu ga wani: injin casar Baba, wanda ya shekara arba'in yana ruɓewa a bayan rumbu har bishiya ta tsiro ta cikinsa, na tayar da shi. Ni kaɗai. Haƙoran da tsatsa ta cinye na ƙera sababbi, katakon ciki duk na sauya.

Zan kai shi bikin tsofaffin injinan gona na bana. Kin tuna dokar Baba: mai inji kaɗai ke hawa samansa, ya ɗaga hannu a fara aiki. Duane ya hau, ni ko sau ɗaya ban hau ba. Na roƙi gidan kula da tsofaffin da Baba yake zaune su kawo shi ya gani. Ko hankalinsa ya gushe, idonsa na nan.

Tunda ke ce mai rubuta allunan bikin, ki bar min wuri.

Ƙaninki,
Orville

Solberg
Satumba, 1988

Yaya Ardis,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Da ma ba ta hana ki zuwa ba!

Tsoho Arne Moen ne ya kawo injin tururinsa don ya juya nawa, yana ta yi min tsiya wai, "Orville, wannan akwatin kajin naka zai juya kuwa?" Na ce ya kula da tukunyar shayinsa kawai. Muka ɗaura dogon bel ɗin da ke haɗa injinan biyu, na hau sama, na ɗaga hannu. Arne ya busa jiniya.

Yaya, ban san yadda zan gaya miki ba. Bel ya fara tafiya a hankali, ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafata ya yi wani nishi, sai ya ɗauki rugugin nan da ke tashin mu daga barci muna yara. Ƙasa na rawa. Maza suna jefa dammunan alkama, kara na feshi ta bututu har ya rufe rana, ƙaiƙayi na sauka a kan hulunan mutane kamar zinariya. Tsofaffi suka cire huluna sai ka ce a coci suke. Ni da na san kowane noti a jikinsa, na ji kamar ba ni na haɗa shi ba.

Sai na hango Baba. Mutumin da ya daɗe bai tashi daga keken guragu ba ya miƙe, ya tara hannu a bakin da hatsi ke zuba, ya jefa ƙwaya a baki ya tauna. Na sauko da gudu. Ya kama kafaɗata, idonsa cike da hawaye, ya ce, "Babu ƙwaya ɗaya da ta fashe. Madalla da kai, Duane. Na san kai kaɗai za ka iya."

Arne ya buɗe baki zai gyara masa, na harare shi. Na ce, "Na gode, Baba." Ya roƙi in sake hawa ya gani, na hau, na tsaya masa a matsayin Duane har aka gama casar alkamar.

Na bar wa Baba Duane ɗinsa. Amma allon tagullar da za a kafa a jikin injin, wannan nawa ne. Kada ki rubuta "Iyalan Tweten". Ki rubuta da manyan baƙaƙe, yadda mai wucewa zai karanta daga nesa: ORVILLE TWETEN NE YA TAYAR DA SHI.

Ƙaninki,
Orville