Hoton Da Ban Ɗauka Ba

Marquette, 22 ga Satumba

Zuwa ga 'yata Corinne,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Neil, kuma zafin Tucson bai gasa ku ba. Ni ƙalau nake, shago yana tafiya, sai dai gwiwa da ba ta son matakala.

Otis ne ba lafiya. Likitar dabbobi ta ce ƙodarsa ta gaji, shekara goma sha huɗu ba wasa ba ce ga kare. Tun rasuwar mahaifiyarki shi kaɗai ke tarbata a ƙofa, shi ya sa na ƙudura zan yi masa hoto na gaske. Na yo odar sabon gilashin kyamara, irin wanda ke fito da fuska tar, ya narkar da duk abin da ke bayanta. Ina jiran ganyaye su yi ja in kai shi bakin tafki da la'asar sakaliya.

Na san kin yi fushi da na kira kyautarki abin wasan yara, har kin daina bugo mini waya. Amma ki duba. Shekara arba'in da ɗaya ina wannan sana'a ta ɗaukar hoto, daga sharar shagon wani na fara, ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. 'Yar kyamarar nan da kika aiko, wadda ake maƙala wa kare a wuya, tana ɗauka da kanta ba ido ba lissafi, ba zan kira abin da take yi hoto ba. Ina ɗaura masa ita ne kawai saboda fitilar jikinta, don masu mota su gan shi.

Ki gaishe da Neil.

Mahaifinki,
Vernon Lahti

Marquette, 14 ga Oktoba

Corinne 'yata,

Ina gaishe ki, da fatan kun tashi lafiya. Otis ya mutu ranar Alhamis da safe, a kan tsohon bargon mahaifiyarki.

Ranar Talata, kwana biyu kafin nan, na kai shi tafki. Maƙwabcina Duane ne ya taya ni ɗaga shi zuwa mota. Na kafa kyamara a kan mariƙinta mai ƙafa uku, na ɗaura sabon gilashin, Otis ya zauna daidai inda na nuna masa bai motsa ba. Sai gajimare ya rufe rana. Na auna haske sau uku, bai yi mini ba. Duane ya ce, "Vern, danna mana, kare ne, ba gwamna ba." Na ce masa ya tsaya ga gyaran famfonsa, ni ban taɓa sa sunana a hoton da haskensa ya mutu ba. Na naɗe kaya, na ce Asabar ma rana ce.

Ban danna ko sau ɗaya ba.

Mun binne shi a gindin bishiyar tuffa da ke bayan gidanmu. Ranar Asabar rana ta fito, irin hasken da nake nema sak. Ban buɗe labule ba.

Mahaifinki,
Vernon

Marquette, 21 ga Oktoba

'Yata Corinne,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Neil. Na gode da furannin, sun iso, ko da yake ba ki haɗo da ko layi ɗaya ba. Ban ga laifinki ba.

Jiya ina tattara kayan Otis, igiyarsa da kwanonsa da abin wuyansa, sai na zare katin 'yar kyamararki na sa a kwamfutar shago. Hotuna sun fi ɗari huɗu, duk a karkace, rabi dishi-dishi. Na zaci zan ga ciyawa da tayoyin mota. Corinne, ni ne a ciki. Takalmana, gwiwoyina, hannuna riƙe da kofi. Duk inda na juya, nan ya juya.

Na ranar Talata guda goma sha ɗaya ne. Ga tafki, ga mai ƙafa uku, ga wani tsoho ya ɗaga na'urar auna haske yana hararar sama. A dukkansu bayana ya ɗauka. Yana zaune yana jirana, ni ina jiran rana.

Na daɗe a kujerar nan. Na tuna ranar da kika gama makaranta, da na sa ki tsaya a rana da rigar bikin har kika yi kuka, ina canza gilashi. Da ranar aurenki, da na ƙi yarda wani ya riƙe kyamara, shi ya sa babu ni a hoto ko ɗaya. Sau nawa kika ga bayan nan nawa?

Na wanke ɗaya daga cikin sha ɗayan na sa a tagar shago. A ƙasa na rubuta sunan mai ɗauka: Otis. Duane ya tsaya ya kalla, ya cire hularsa, bai tsokane ni ba.

Ki zo bikin Godiya na ƙarshen Nuwamba, don Allah. Zan gasa talotalo yadda mahaifiyarki take yi, ko da zai ƙone. Ki taho da wayarki ki ɗauke mu tare a gindin tuffar. Nuwamba a nan kullum gajimare ne, kin sani. Ki danna kawai.

Ni ne mahaifinki mai jiran amsarki,
Baba