Tukunyar Wake Tana Gidan Dalva

Jussara,

Na fita aiki kina barci. Jiya na haɗu da Valdete, kociyarku ta ƙwallon ƙafar futsal, a kasuwa. Ta ce yau ƙarfe biyu za ta auna gudunku, mutum sha biyu kawai za ta ɗauka. Wai wancan makon kin ɗura wake da shinkafa, kika shiga fili ko ɗumama jiki babu, har mai tsaron raga ta tsere miki.

Ga ayaba, ƙwai da wainar rogo, ki ci ƙarfe sha ɗaya. Ki isa da wuri, ki yi sassarfa sai gumi ya karyo miki.

Kada ki wahala neman tukunyar wake, na kai ta maƙwabta, wajen Dalva. Ƙafafuna kika gada, kada ki kunyata su.

Mamanki