Hatsinmu Yana Kulle, Makulli Yana Faskari

Zuwa ga Jami'in Shirin Tallafa wa Ƙungiyoyin Karkara mai kula da yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin firamare ne a wani ƙauye bayan Yankara, kuma ni matasan garin suka sa a gaban ƙungiyarsu. Na rubuto a fili ne domin na yi ta sintiri ofishinka na Faskari ban same ka ba.

Na farko. Kafin zuwanku muna da rumbun gari. Da kaka kowane gida yakan kawo damin dawa ko gero, har makiyayan da ke maƙwabtaka da mu. Baba Sarkin Noma ke riƙe da shi. Idan damina ta yi nisa, abinci ya yanke wa magidanci, sai ya bi ta bayan gidan Baba a auna masa, ba wanda ya ji, ya mayar idan kaka ta yi. Rufin asirin nan shi ya raya rumbun tun kakanninmu.

Na biyu. Kun gina mana sito na siminti, mun gode. Kuka ce a mayar da hatsin can. Dattawa suka ja baya, ni na bi su gida-gida ina ba su baki, domin na yi murna yaran da na koyar za su shiga kwamiti su koyi riƙon amana. Matasan nan su suka sussuke hatsin, suka kai shi a kan babura. Ranar buɗewa aka ɗauki hotuna, ka danna kwado, ka tafi da makulli.

Na uku. Yanzu marka ta zauna, gidaje da dama sun koma tafasa ganye. Ka aiko cewa hanya ba lafiya. Gaskiya ne, ita muke bi zuwa kasuwa muna addu'a. Ka kuma ce mabuƙata su jira ranar rabo, a kira sunayensu a bainar jama'a. Ranka ya daɗe, magidancin ƙauyen nan gara ya kwana da yunwa da a kira shi haka a gaban surukansa.

Jiya bayan La'asar na tarar da matasana a ƙofar siton da guduma. Na tsaya a gabansu, da ƙyar suka yarda su jira sallar Juma'a. In suka fasa ƙofar, mai ƙarfi ne zai kwashe hatsin, kuma kaka mai zuwa babu wanda zai sake kawo dami.

Roƙona: ka ba direban motar kasuwa makullin ya kawo wa Baba Sarkin Noma, matasa su riƙa auna masa, a bar rabo yadda muka saba. In makullin bai iso ba, ranar Juma'a zan sake tsayawa a ƙofar nan, amma ban san me zan ce musu ba.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka a hanya, ya ba yankinmu lafiya.

Wassalam.
Malam Kabiru