Ina Garkuwar?

Juma'a, 4 ga Oktoba, 2024
Yau na riƙe takobin Turawa. Ni Tanko, ɗan mahauta!
Tun da aka kawo ni gadin zauren wasannin nan na Al Thumama, a ƙasar Larabawa, nake ganin masu wasan takobi duk Juma'a da la'asar, sun sa hular waya kamar masu ɗiban zuma, suna ta kafta wa juna. Na ɗauka shirme ne na waɗanda suka ƙoshi. Yau da na tashi aiki na tsaya leƙe, sai ɗaya ya cire hula ya ce, "Malam, shigo mana." Hausa tsantsa. Dikko sunansa, injiniya, Bakatsine. Ya kai ni gun malaminsu, Tomas, wani dogon Bature. Takobin ya kusa kai mini ƙirji, ba kaifi, hannu biyu ake riƙe shi. Na zaci zai yi nauyin taɓarya. Ina! Da na ɗaga sai na ji kamar ya riga ni sanin inda za shi. Subhanallah.

Talata, 8 ga Oktoba
Dikko ya turo mini hotunan littattafan da suke koyo a ciki. Zanen hannu, na ɗaruruwan shekaru. Wanda ya zana ya mutu, jikokinsa sun mutu, amma ga inda ya ajiye ƙafarsa, kuma Malam Tomas yana ajiye tasa a nan. Abin ya tsaya mini a rai. Damben Baba ba a rubuce yake ko'ina ba, sai a jikinsa, sai ɗan abin da ya zuba a nawa.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Takobin roba aka ba ni. Na ƙarfe sai Malam ya yarda da mutum.
An koya mana haɗa takobi da takobi a tsaya, a saurara. Wai ta cikinsa za ka ji niyyar abokin karawarka. Na yi dariya a ciki. Sai Malam ya sa na rufe ido, ya ɗora nasa a kan nawa. Wallahi na ji shi. Na ji sanda ya yi niyyar dannawa tun bai danna ba. Har yanzu ban dawo daidai ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba
Waya da Gusau. Na jingina wayar a taga kamar kullum, muna ganin juna. Baba ya dunƙule hannu ya nufo fuskar wayar, gaisuwarmu ke nan tun ina yaro, ni kuma na miƙa tafin hagu na tare. Ya ce madalla, garkuwa tana nan. Ban faɗa masa zancen takobi ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba
Na sha kunya. Dikko ya kawo sara, ban san sanda hannun hagu ya saki takobi ya fita gaba a buɗe ba. Ƙwas a kan yatsu. Aka sake, ya sake fita. Malam ya tsayar da kowa, ya kama hannun yana dubawa kamar likita, ya tambaya wa ya koya mini wannan. Dikko ya yi masa bayanin dambe, cewa hannun dama ake naɗewa a yi duka, hagu kuwa garkuwa ce. Malam ya saurara da kyau, har ya sa na gwada masa tsayuwar, ya ce abu ne mai kyau ƙwarai. Sannan ya ce amma a nan, hannun da ya fita ya tafi ke nan, kuma muddin yana fita ba zan taɓa ƙarfe ba. Khalas, magana ta ƙare.
Baba kuwa cewa yake ranar da ka sauke hagu, ranar za ka sha ƙasa. To wa zan bi?

Asabar, 2 ga Nuwamba
Yatsa ya kumbura kamar ɗan wake. Da ƙyar na ɓalle maɓallin yunifom.

Laraba, 20 ga Nuwamba
Sandar mofar goge ƙasa nake atisaye da ita a bayan masauki. 'Yan ɗakinmu sun sa mini suna Sarkin Yaƙi. Su yi ta yi. Ina yi wa hannun faɗa kamar akuya mai ɓarna: zauna a nan. Dikko ya ce in ɗaure shi da ƙyalle a jikin sandar. Na ce ɗan dambe hannun dama yake naɗewa, Allah ya kiyaye in naɗe hagu.
Na ɗaure dai.

Juma'a, 13 ga Disamba
Malam ya kara da wata Baturiya da ta zo baƙunta, da ƙarfe. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ba hayaniya, ba kirari, ba kalangu, sai ƙarar ƙarfe siririya da numfashi. Takubban suna manne suna zagaya juna kamar masu raɗa. Na tsaya baki buɗe har Dikko ya zungure ni. Ina son abin nan. Ina sonsa har ina jin tsoro.

Juma'a, 17 ga Janairu, 2025
Malam da kansa ya kawo mini sara, ta sama, ta gefe, da sauri, yana neman ya firgita ni. Hannun bai fita ba. Ban ma tuna da shi ba sai da aka gama. Ya je jakarsa ya ɗauko na ƙarfe, ya miƙo mini da hannu biyu. "Yalla, Tanko."
Ƙarfe yana magana fiye da roba. Na rasa abin rubutawa. Alhamdulillah.

Lahadi, 19 ga Janairu
Waya da Gusau. Baba ya rame, amma bakin yana nan. Ya dunƙule hannu ya kawo naushinsa. Sai kawai na ga hannuwana biyu a gabana, a dunƙule, ɗaya bisa ɗaya, irin riƙon takobi.
Ya ƙura musu ido. Ya ce, "Tanko, ina garkuwar?"
Na ce hoton ne ya tsaya, na yi maza na miƙa tafin. Ya ce to. Ya shiga zancen tsadar shanu.
Ba wani abu ba ne, gajiya ce. Na gwada a madubi bayan mun gama, garkuwar tana nan, tana fita sarai. Sai dai sai na ce mata ta fita.